Tsarabar da Yaya ya ɓallo a Shu'aiba

Ana sallame sallar asuba a Harami muka fito daga unguwarmu Misfala muka ɗauki hanyar Shu'aiba da ke bakin teku, ni da yayan matata da ya zo Umara daga Kano. Tun da ya sauka gidanmu yake ganin hotunan ƙarƙashin ruwa a bango, yana cewa shi fa sai an kai shi ya gani da idonsa. Ni haihuwar Makka ne, shago nake da shi a Jarwal, kuma abin da ke raba ni da gajiyar mako shi ne nutso a Bahar Maliya. Ba a ce wa babban suruki a'a, don haka na roƙi mai jirgin ruwan da muke bi ya ba shi wuri. Ya ce da sharaɗin baƙon yana wuyana. Na ce na ɗauka.

Hanyar shimfiɗe take, sai duwatsu baƙaƙe da raƙuma jefi-jefi. Mun tsaya wani gidan mai muka karya da biredin tamis mai zafi da waken ful da shayin adani mai madara. Yaya ya lissafa kuɗin da naira, ya ce a Kano wannan kuɗin sai a ciyar da layi guda, sannan ya ƙara biredi.

Iska ba ta taso ba da muka isa, teku kwance lumui. Daga kan jirgi kana hango ƙasa, ruwan kuma ɗumi gare shi kamar na wankan jariri. Malamin nutso ya ɗaura wa Yaya tukunyar iska, ya koya masa numfashi da baki da maganar hannu. Ya maimaita doka ɗaya da Larabci, ni kuma na juya ta da Hausa tsantsa: kada a taɓa komai. Na ce, "Yaya, abin da za ka gani kamar dutse ne, amma rai gare shi. Murjani ne, shekaru yake yi kafin ya ƙara ɗan yatsa." Ya ce, "To, ɗan Makka, na ji."

Akwai wani murjani a wurin da na sani tun yana tafin hannu. Yanzu ya kai faifai, shimfiɗaɗɗe, bakinsa shuɗi-shuɗi, ƙananan kifaye koraye sun mai da shi gida. Duk zuwan da zan yi sai na fara leƙa shi. Wallahi don shi na zaɓi wurin, ina so in yi wa suruki burga da abin da na fi so.

Mun sauka a hankali, malamin yana riƙe da kafaɗarsa. Kifin harid mai baki irin na aku na ta gurgurar dutse, kana jin ƙararsa ƙaras-ƙaras a kunne. Wani kifi mai kama da maciji ya leƙo daga rami yana buɗe baki. Kunkurun ruwa ya wuce mu bai ko kalle mu ba. Idon Yaya ya cika tabarau, har na ji daɗi. Na nuna masa faifan nawa.

Malamin ya juya ya gyara wa wani baƙo ɗamara. Yaya ya miƙa hannu biyu, ya kama gefen faifan, ya danna. Na ji ƙas! Fiye da rabi ya zube ƙasa, kifayen suka watse. Ya zaɓi reshe mafi kyau ya cusa cikin rigarsa, ya ɗaga mini yatsu alamar komai lafiya.

Ban taɓa jin takaici irin wannan ba. Bakina cike da robar numfashi, ihu nake yi kumfa ce kawai ke fita. Na kusa shanye iskar tukunyata don haushi. Da muka hau sama na cire robar, sai na tarar wata ta biyu ta toshe mini baki: mutumin nan yayan matata ne, baƙona ne, a gidana yake kwana. Da ƙanena ne da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Yaya da kansa ya fito da reshen yana nuna wa mutane. Mai jirgi ya duba reshen, ya dube ni, bai kalli Yaya ba sam. Ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Kai ka ɗauka. Kada ka sake kira na."

Yaya ya tambaye ni me ya ce. Na gaya masa. Ya ce, "Haba, a kan wannan ɗan abin? Teku ce fa guda! Ta yaya zan shiga Bahar Maliya in koma wa Hajiyarmu hannu rabbana? Dabino da zamzam kowa na kai su."

Abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Shi a ganinsa ladabi ya yi. An raine mu a kan cewa matafiyi ba ya komawa ba tsaraba, har mun kai idan ba mu samu ta saya ba sai mu ɓallo. Wa ya ce mana duk abin da ido ya gani sai ya shiga jaka? Na ce, "Yaya, na fa gaya maka rai gare shi." Iyakar abin da kunya ta bar ni na faɗa ke nan. Ya ce ma'alesh, ba komai, Allah zai fito da wani.

Bayan azahar iskar arewa ta taso, ruwa ya gurɓace, aka fasa nutso na biyu. An ci shinkafar sayadiyya da kifi a bakin gaɓa, ni kuwa na ture nawa gefe.

Kafin mu ga fitilun Makka motar ta ɗauki wari kamar an manta kifi a ƙarƙashin kujera. Shuɗin ya tafi, abin sai yauƙi yake yi a leda. Matata ta tarbe mu, ta shinshina, ta kalli fuskata, ba ta tambayi yadda hanya take ba.

Ranar da zai tafi na sauko masa da jakunkuna, cike da dabino da tasbaha da sallaya. Murjanin yana kan taga, ya yi fari fat kamar ƙashi. Na ce ya manta tsarabar Hajiya. Ya ce, "Ai ya lalace, zai ɓata mini kaya. Idan ka koma ka mayar musu."

Tafiyar nan ta koya mini cewa duk baƙon da zan kai wani wuri, zan fara cika masa jaka a kasuwa, kuma abin da nake so ba zan ƙara nuna shi da yatsa ba. Reshen yana nan kan tagar. Na kira mai jirgi ranar Alhamis, bai ɗauka ba.