Allurar da Ba a Dafa Ba

Jama'a, yau saura ƙiris in mari ɗalibina a gaban mutane!

Lawal nake nufi, sabon nas ɗin da aka turo mini nan Jibiya in koya masa aiki. Sati uku ina nanata masa abu guda: allurar da ta shiga jikin wani ba ta shiga jikin wani sai an dafa ta.

Da hantsi muka yi wa wani ɗan dako daga Maraɗi allura. Ciwon shawara gare shi, idanunsa sun yi rawaya kamar ɗorawa. Na ajiye sirinjin a tasa, na je kunna risho.

Sai ga wani Alhaji ɗan kwangila a sabuwar Marsandi. Ya tsallake layi, wai zazzaɓi yake ji, kuma motocin simintinsa na jiransa a bakin iyaka. Ina juyowa, Lawal ya zuƙi magani da sirinjin nan, Alhaji har ya kwance tazuge!

Na fizge. "Kai, kana hauka ne?"

Ya ce, "Sista, Alhaji na sauri."

Alhaji ya taso mini. "Ke! Kin san ko ni wane ne?"

Na ɗaga allurar, na nuna masa ɗan dakon. "Daga jikin wancan ta fito. Kana so? Juya in tsira maka da kaina."

Ya dubi idon mutumin, ya ɗaure wandonsa, ya zauna a benci. Nan ya jira har ruwa ya tafasa.

Lawal kuwa, wata guda ba zai taɓa majinyaci ba. Gadin tukunyar dafa allura zai yi!