Gadar da Mahaifina Ya Rantse Ba Zai Taka Ba

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, aka yi mana gada. Ɗazu wata ƙawata ta turo mini hotonta, wai har yanzu ana musu a kan sunanta, ina gani gabana ya faɗi. Ku yi mini uzuri idan na yi ta kwana-kwana a wannan rubutun.

Garinmu yana ƙasar Doguwa, daidai bakin iyaka. Rafi ne ya raba mu da garin ƙetare, mu Kano, su Kaduna. Da rani ko akuya tsallake shi take yi, amma da damina sai kwale-kwale. Tun kaka da kakanni muna auratayya da su, kasuwarsu muke ci. Yayata ma can take aure.

Da aka fara aikin kowa ya yi murna, don mun gaji da dillalan masara da suke yanka mana farashin da suka ga dama, tunda sun san babbar mota ba ta iso mu. A majalisar ƙofar gidanmu kuwa ba a da hira sai ta kuɗin gada. Wannan ya ce abin da aka kashe ya isa a gina uku, wancan ya ce, "Kai da ko rumbu ba ka taɓa ginawa da bulo ba, ina ka san kuɗin rodi?" A yi dariya a watse.

Dariya ta ƙare ranar da aka kafa allo. Sunan garin ƙetare aka rubuta, ɓaro-ɓaro, babu namu ko a gefe. Alhali gonakinmu aka yanka aka fitar da hanya, har da gefen gonar mahaifina inda yake shuka dawa. Dattawan garinmu suka taru a ƙofar gidanmu bayan la'asar, rai a ɓace. Ina tsakar gida ina tankaɗe na jiyo muryar mahaifina:

"Wallahi tallahi, ƙafata ba za ta taka gadar nan ba, ni da iyalina, sai an sauya allon nan!"

Sauran ma suka bi, kowa ya rantse. To ku ji ikon Allah, ga gada sabuwa fil, motoci suna wucewa a kai, mu kuma muna biyan kuɗin fito muna ratsawa ta gindinta. Mutanen ƙetare su leƙo daga sama suna mana ba'a, "Kanawa, a gaida kada!" Ni kaina a lokacin har wani alfahari nake ji, wai mu masu zuciya.

Cikin watan Agusta yayata ta haihu, namiji. Ana gobe suna ni da mahaifiyata muka shirya da hantsi don mu je mu kama aikin girki. An kwana biyu ana ruwa. Da muka isa bakin rafi, ruwan ya yi ja, yana tafe da itatuwa da karan masara. Mahaifiyata ta dubi gada, ta dubi ruwa.

Na ce, "Inna, mu bi ta sama mana. Wa zai gan mu?"

Ta ce, "Allah zai gan mu. Ubanki ya rantse, ba ni zan karya masa ba. Shiga mu tafi."

Mai fiton tsoho ne, ya fi shekara talatin yana wannan sana'a. Amma tun da aka kafa ginshiƙan gadar, tafiyar ruwan ta sauya, yana murɗawa a inda da ba ya murɗawa. Mun kai tsakiya sai wani kututture ya daki gefen kwale-kwalen. Salatin mahaifiyata kawai na ji, sai ruwa a hancina da bakina.

Ban iya iyo ba. Na nutse, na taso, na sake nutsewa. Hijabina ya naɗe mini fuska. Can sai na ji bayana ya bugi wani abu mai tauri, na kai hannu na cafki rassan da ruwa ya tara a wurin. Ashe ginshiƙin gadar ne. Ruwa yana jan ƙafafuna kamar mutum ne yake ja, rassan suna karyewa ɗaya bayan ɗaya a hannuna.

Sai na ji murya daga sama. "Ƙanwata! Kar ki kalli ruwa, ni za ki kalla!"

Wani direba ne, mutumin ƙetare, ya ɗauko lodin masara. Ya tsayar da motar a tsakiyar gada, ya kwance igiyar da ya ɗaure buhuna da ita, ya ƙulla a ƙarfen gada, ya sauko. Da ya iso kusa ya ce in miƙo hannu. Na kasa, domin hannu ɗaya yana riƙe da reshe, ɗayan kuma na ƙanƙame ledar kayan jaririn da na ɗinka da kaina.

"Saki ledar nan!"

"Kayan suna ne!"

"Ke, suna za ki ko lahira? Saki!"

Na saki. Har yau idan na tuna wai ina bakin mutuwa ina jayayya a kan rigar jariri, sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Ya zagaya igiyar ta ƙarƙashin hammatana, mutanen da suka taru a sama suka ja. Waɗanda suke mana ba'ar kada, su ne suka yi ta ja har tafin hannunsu ya saɓule.

Aka kwantar da ni a kan kwalta ina aman ruwa, ina kiran Inna. Wata mai tallan nono ta lulluɓe ni da zanenta, ta ce in kwantar da hankalina, mai fito ya fitar da Inna can ƙasa, tana raye. Ban yarda ba sai da na gan ta tafe, an rirriƙe ta, ɗankwali babu.

Ina cikin haka na hango wani yana gudu daga ɓangaren garinmu, a kan gada, ba takalmi, ba hula. Ban taɓa ganin mahaifina yana gudu ba sai ranar. Ya zube a gabana, ya kama kaina yana shafawa, yana ta maimaita alhamdulillahi. Ya tashi ya riƙe hannun direban da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

Wani amininsa, cikin waɗanda aka yi rantsuwar da su, ya biyo shi amma ya ja ya tsaya a bakin gada. Daga can ya ɗaga murya, "Malam, rantsuwar fa?"

Mahaifina ya waiga ya ce, "Rantsuwa tana da kaffara. Wannan fa, da ta tafi, da me zan fanso ta?"

Washegari ta kan gada muka je suna, shi ne a gaba. Bayan kwana biyu ya buɗe rumbu ya ciyar da miskinai goma. Kafin wata ya ƙare dattawan nan suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, kowa a asirce wai kar a sani, har mahaifiyata take cewa ba a taɓa shekarar da mabuƙatan garinmu suka ƙoshi irin wannan ba.

Yanzu motoci har daga Kwanar Ɗangora suke shigowa ɗaukar masara, dillali ba ya yi mana yadda ya ga dama. Allon yana nan yadda yake. Mu muna kiranta da sunan garinmu, su suna kiranta da nasu, direbobi kuma cewa suke yi sabuwar gada kawai. Masu lissafin kuɗinta ma ba su gaji ba, kuma wataƙila suna da gaskiya, ni ban sani ba.

Abin da na sani shi ne, har gobe ba na iya leƙa ƙasa idan ina kai. In ɗan acaɓa ya ɗauko ni, runtse ido nake yi ina salati har mu sauka. Ko ƙarar ruwa a indararo na ji da ƙarfi sai ƙirjina ya buga. Direban nan kuwa ban sake ganinsa ba, ko sunansa ba mu tambaya ba saboda ruɗewa. Mun yi wata da watanni muna faɗa a kan sunan da za a rubuta a allo, ga wanda ya cancanci a riƙe nasa mun bari ya ɗaure igiyarsa ya tafi. Kullum na idar da salla ina sa shi a addu'a, in ce, "Allah, mai igiyar nan." Na san Shi ya san wanda nake nufi.