Dokin Ƙwallo a Hanyar Juma'a

Dokin ya shigo hannuna ne ta wajen wani mai sayen zinariya da ya zauna a Abare. Baƙo ne a ƙasarmu. Ya sayo shi daga masu wasan ƙwallon dawaki, wanda suke kira folo, bayan ya fara manyanta sun sallame shi daga fili. Ni nake kai masa harawa da dusa. Da hanya ta fara lalacewa, mutumin ya tattara ya koma garinsu, ya karɓi bijimina ɗaya ya bar mini dokin.

Ja ne mai farin goshi da dogayen ƙafafu. Gezarsa a aske take ƙwal, yadda masu wasan suke yi wa dawakinsu. Ranar da na jawo shi cikin ƙauyenmu, tsofaffin da ke zaune gindin tsamiya suka bi shi da kallo, wani taubashina ya ce, "Yaushe anka yi suna ba ka gayyace mu ba? Ga jariri har an yi mai aski."

Ban karɓi dokin don kaina ba. Surukina malamin allo ne a wani ƙauye kusa da namu, kuma tun yana saurayi bai san Juma'a ta wuce shi a Nasarawar Burkullu ba. Jakinsa ya mutu, gwiwoyinsa sun ƙi tafiya mai nisa. Babur kuwa sau ɗaya ya hau, ya kwana biyu yana jinyar ƙugu, ya rantse ba zai ƙara ba. Matata ta je gida ta dawo ta ce mini, "Baba ya rame. Ba ciwo ba ne, Juma'a ce." A nan na ce ta gaya masa kafin damina ta yi nisa zai hau doki. Maganar ta fita, kowa ya ji.

Tsakanina da shi akwai kunya irin wadda muka tashi muka tarar. Sama da shekara ashirin ina auren 'yarsa, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, in gaishe shi idona a ƙasa, in tashi. Duk wata magana mai tsawo sai ta bi ta bakin matata, ta kai wa Innarta, Inna ta kai masa.

Dokin bai san tafiya ba, gudu ya sani. Da ka sa ƙafa a likafa ya zabura tun ba ka zauna ba. In ka ɗan duƙa gaba sai sukuwa. In linzami ya taɓa gefen wuyansa sai ya juya a wuri ɗaya kamar an murɗa shi, in ka ja kuwa ya yi zamiya har ka ga kanka a kan kunnuwansa. Sau da yawa na sha ƙasa a bayan gari. Amma ni mutum ne da ya koyi karatun boko da furfura a gemu, a ajin manya, na san yadda ake maimaita abu guda har ya zauna. Na sauya masa linzami mai sauƙi. Na kifa tsohon turmi a gindin turke, tunda a kan irinsa tsoho zai taka ya hau. In taka, in hau, in zauna shiru, in sauka. Ba inda za mu. Haka muka yi ta yi har ya gane cewa hawa ba lallai gudu ba ne.

Sanda ta fi ba ni wuya. Surukina ba ya rabuwa da sandarsa, shi kuwa dokin da ya ga sanda a hannun dama na mahayi sai jikinsa ya ɗau rawa, don da sanda ake buga ƙwallo a wasan da ya saba. Na riƙa hawa da kara, daga baya da sanda, ina ɗora ta a cinya, ina sauke ta, ina shafa masa wuya da ita. Na kai shi rijiya lokacin da mata suka cika, na bi da shi cikin awaki, na tsayar da shi inda ake faskare. Da ruwa ya sauka, gezarsa ta ɗan tsiro, tafiyarsa ta zama irin wadda za ka ɗora ƙwaryar nono a sirdi ba ta zube ba. Har taubashin nawa ya daina tsokana.

Duk wannan ni da shi kaɗai muka yi. Babu wani doki a ƙauyenmu, sai jakuna da shanun huɗa, waɗanda ko kallonsu ba ya yi.

Kafin ranar da zai fara hawa na zaunar da matata na ce ta kai saƙo: kada Baba ya duƙa gaba, kada ya ɗaga sanda, ya bar linzami a sake. Daga baya na ji abin da ya isa kunnensa. Inna ta ce masa, "Wai doki na mai ladabi."

Ranar Juma'a da hantsi na kai dokin ƙofar gidansa. Babban ɗansa ya kifa turmi ya taimaka masa ya hau, ni ina tsugune can gefe. Dokin ya tsaya cik. Tsoho ya gyara farar rigarsa a kan sirdi, ya ɗora sanda a cinya, na ga bakinsa yana motsi da addu'a. Ɗan nasa ya hau keke ya yi gaba don ya kama masa wuri a sahu.

Muna fita gari sai ga Ardo, wani dattijon Bafulatani abokinsa tun ƙuruciya, a kan goɗiyarsa.

"Modibbo, yau kai ne bisa wanga raƙumi? Wa za ya sauko da kai?"

"Wanda ya hawar da ni. Kai dai riƙe akuyarka kada ta shige ƙarƙashinmu."

Suka kama hanya suna zolayar juna, Ardo a baya kaɗan. Ni kuma na bar tazara ina binsu a ƙasa, yadda ya kamata suruki ya yi.

Akwai wani wuri da hanyar ke ratsa fadama. Tudu ne siriri, dama da hagu gonakin shinkafa cike da ruwa. Masu zuwa Juma'a sun jeru a kai, wasu a ƙasa wasu da kekuna. A nan Ardo ya matso da goɗiyarsa daidai da dokin don ya ƙarasa wani labari. Sai na ga kunnuwan dokin sun kwanta, wuyansa ya miƙe, kafaɗarsa ta karkata wajen goɗiyar. Nan take na tuna abin da mai zinariya ya taɓa nuna mini a wayarsa: dawaki biyu kafaɗa da kafaɗa, kowane yana ture ɗan'uwansa daga kan ƙwallo. Aikin da ya yi shekaru yana yi ke nan, kuma ban taɓa gwada shi kusa da wani doki ba.

Ina da lokacin yin tsawa. Na buɗe baki, sai na rasa da wace murya mutum zai kira surukinsa a tsakiyar jama'a ya ba shi umarni. Ban taɓa yi ba, ban taɓa jin wanda ya yi ba. Sai na ƙara sauri, ina cewa "Ardo, Ardo" da muryar da ni kaɗai nake ji.

Dokin ya banke goɗiyar da kafaɗa, gwiwar tsoho a tsakaninsu. Goɗiya ta zame cikin ruwa, Ardo ya dira da ƙafafunsa. Surukina ya duƙa gaba don ya kama geza, dokin kuwa abin da ya sani game da duƙawa daban ne. Ya zabura. Tsoho ya faɗi cikin shinkafa.

Da na isa yana zaune cikin taɓo har ƙugu, rawaninsa ya warware yana yawo a kan ruwa. Ban taɓa ganin kansa a buɗe ba sai ranar. Mutane suka tsaya suna salati, wasu suka kau da kai. Ya yunƙura ya tashi, ƙafar ta ƙi. Ɗansa ya yi nisa, sauran duk da kayan Juma'a a jikinsu, suna kallona, tunda doki nawa ne kuma suruki nawa ne. Na shiga ruwan, na juya masa baya na durƙusa. Ya daɗe bai motsa ba. Daga baya na ji hannayensa a kafaɗata.

Ba shi da nauyi ko kaɗan. Numfashinsa yana bugun wuyana, taɓo yana ɗiga daga rigarsa zuwa ƙafafuna. Ardo ya biyo mu yana jan dabbobin biyu, yana faɗa.

"Kai kana baya kana kallo. Ka gani ko ba ka gani ba?"

"Na gani, Ardo."

"To bakinka gida ka baro shi?"

Surukina ya ce daga bayana, "Ardo, ɗauko min rawani ka bar surutu."

Haka muka koma, muna cin karo da masu tafiya masallaci, kowa ya ce sannu Malam, ya dube ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai ɗori ya ɗaure gwiwar, ya ce ba karaya ba ce amma za ta daɗe. Juma'ar da na yi alkawari ta wuce, wasu da yawa suka bi ta, yanzu ko masallacin unguwa sai a zaune yake salla. Na daina bi ta gindin tsamiya. Duk da haka magana tana iske ni: wai na kai surukina wasan ƙwallo, shi ne ƙwallon. Matata sai dai ta kawo tuwo ta ajiye ta tashi, wannan ya fi mini zafi. Na yanke shawarar kai dokin kasuwar Gummi in rabu da shi. Kafin ranar kasuwa saƙo ya zo ta hanyar da ya saba zuwa. Matata ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Baba ya ce doki nashi na, gaban mutane anka ba shi. Ba a sai da kayan mutum shina kwance."

Bayan girbi na je rugar Ardo na roƙe shi aron kansa da goɗiyarsa. Ya yi mini wankin babban bargo tukuna, sannan ya yarda. Muka riƙa fita gonakin da aka girbe, yana matsowa a hankali, ni ina kan dokin. Da dokin ya karkata sai in juya shi mu yi da'ira mu dawo. Gwiwata ta hagu ta kumbura ta sace, ta sake kumbura. A fili mai faɗi dokin ya koyi tafiya kusa da goɗiya kamar tare aka haife su. Amma a matsattsen wuri, wani lokaci, kunnuwan nan sukan kwanta. Na jira ya bari gaba ɗaya, bai bari ba.

Da tsoho ya fara taka ƙafar, na san wannan maganar ba ta aike ba ce. Na je zaurensa da kaina, na durƙusa, idona a kan tabarma, na gaya masa komai: duƙawa, sanda, kafaɗa, da cewa ba zan iya ba shi tabbacin dokin ba in shi kaɗai ne a kai. Sai dai in riƙa jan ragama ina gaba, kowace Juma'a. Da na gama ya ce, "To. A kifa turmi."

Jan ragama ya yi mana daidai, don bayana yake gani, ni kuma hanya. Ba ya yi mini magana, dokin yake yi wa. "Doki, hwaɗa ma mai jan ka shi rage sauri." Sai in rage. Masu kekuna suna wuce mu, wani ya ce ashe ba doki aka horar ba, mai doki aka horar. Na ji, na yi kamar ban ji ba.

Da muka iso fadama ruwa ya janye, sai busasshen taɓo da karan shinkafa. Na san wurin, tsoho ma ya sani. Na ji kofaton goɗiyar Ardo yana matsowa daga baya. Tsoho ya yi gyaran murya.

"Doki, hwaɗa mai in ya ga wani abu yau, shi yi magana."

Ban waiwaya ba, na ce, "Baba, Ardo shi tsaya baya sai mun haye." Da ƙarfi na faɗa, har masu tafiya a gabanmu suka juyo.

"Ka ji, Ardo," in ji shi. "Ja akuyarka."

Mun isa liman bai fito ba. Ɗansa ya sauko da shi, ya miƙa masa sanda, tsoho ya shiga yana ɗingishi har sahun gaba. Na ɗaure dokin can nesa da sauran dabbobi, na yi alwala, na tsaya a sahun ƙarshe.