Hannun Kawu a Gadambaliya

A shekarar da na gama sakandare na shiga wani ajin koyon Turanci a bayan kasuwar hatsi ta Gadarif. Ustaz ɗinmu dattijo ne mutumin Shuwak, yakan ɗauki kalma ɗaya ya yi ta juya ta har a tashi. Ranar da muka zo kan hand ya ɗaga tafinsa ya ce hannu ke nan. Ya ce idan Bature ya nemi ka ba shi hand, taimako yake so, kuma allurar agogo ma haka suke kiranta. Na haddace, na ɗauka na gama da ita.

Da kaka ta yi, wakilin wata babbar gona a Gadambaliya ya ɗauke ni tafinta. Mai gonar ya sayo sabbin injunan sussuka, aka haɗo shi da wani injiniya baƙo wanda ba ya jin Larabci, balle Hausa. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana cikin masu zuba dawa a bakin injin. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya kai ni makaranta.

Wata rana da hantsi zangarniya ta cushe a bakin injin. Kawu ya kai hannu zai janyo ta, injin ya kama hannun rigarsa. Kafin a kashe, hannunsa na dama ya tafi. Muka ɗaure dungun da rawani, aka sa shi a bayan mota zuwa asibiti. Na ɗora ƙafa zan hau, wakil ya riƙe ni ya ce aikina yana nan.

Ina tsaye da jini a rigata na ji injiniyan yana waya. Da Turanci ya ce mun rasa hand yau. Muryarsa a ƙasa take, sai na zaci alhini ne, har da “mun” da ya ce, kamar hannun nan namu ne duka. Da ya gama na je na yi masa godiya. Ya dube ni da mamaki, sannan ya ce in gaya wa wakil ya kawo wani hand gobe da sassafe.

Na ce, “Hannun wa za a kawo?”

Ya ɗan yi murmushi, ya nuna mutanen da ke zaune jugum a inuwar lori. Ya ce, “Ma'aikaci nake nufi. Duk waɗancan hands ne.”

Cikinsu akwai limamin unguwarmu, akwai wanda ya aurar da 'ya'ya, akwai wanda ya yi ta kuka yana ɗaure wa Kawu rauni. Ban fassara komai ba. Wakil ma bai buƙaci fassarata ba, ya riga ya aika garin Fau a nemo wani ma'aikacin. Na bi hanya da ƙafa har na sami lorin da ya kawo ni gari.

Bayan an sallami Kawu na koma wurin Ustaz, na tsare shi a bakin ƙofa.

“Ustaz, me ya hana ka gaya mana suna kiran mutum da hannu?”

Ya ce, “Ɗana, ba zagi ba ne. Haka suke cewa a gona da ma'aikata da jirgin ruwa. Turanci ne mai kyau.”

Wannan ya fi maganar injiniyan ƙona mini rai. Da zagi ne, da na san wanda zan rama wa. Ashe magana ce ta yau da kullum, ana faɗinta cikin ladabi, ba wanda ya ga aibinta.

Kawu bai sake komawa gona ba. Yanzu yana tsaron tebur na albasa a kasuwa, wani ɗan'uwanmu yana ɗaga masa buhu. Ya daina cin abinci a tire ɗaya da maza, don ba zai sa hagu a inda mutane ke sa dama ba. Mun roƙe shi, limamin ma ya gaya masa lalura ce, ba laifi. Ya ƙi. Matarsa takan zuba masa nasa daban ta kai masa ɗaki, mu kuma mu ci a waje.