Kawu Sale da Ƙuri'ar Tarakta

Kun dai san Kawu Sale ba ya amsa saƙon waya, gyara shi yake yi. Ka rubuta masa "muna hanya", sai ya bugo: "Wace hanyar? Ta Bici ko ta Makka?" Wallahi tun da aka ce min ya rasu nake ta duba waya, na kasa yarda.

Mutumin da ya koyar da kwamfuta a sakandare har ya yi ritaya ya koma gona, shi na nuna wa manhajar da na haɗa wa ƙungiyar manoman garinmu. Tarakta ɗaya ce, kowa so yake a fara da gonarsa kafin ruwa ya zauna, har zage-zage an sha yi. Manhajar ce za ta jefa ƙuri'a.

A bayaninta na rubuta: "Kwamfuta za ta zaɓi lamba haka kawai."

"Haka kawai? Aljanu gare ta?"

Na mai da shi "bisa sa'a".

"Sa'a ta Allah ce, ɗan nan! Wannan lissafi take yi. Ka ba ta lambar farawa iri ɗaya, ta ba ka jeri iri ɗaya har tashin ƙiyama."

Na ce Kawu, layi ɗaya ne fa. Ya ce duk garinmu Dawaki zabin da yake kiwo ne kaɗai ba a san inda za su nufa ba, su ma yana zarginsu.

Abin da ya kafe sai an rubuta a bayanin shi ne: "Duk wanda ya san lambar farawa, ya san wanda zai ci." Shugaban ƙungiya ya ce a goge, zai jawo rigima. Tabɗi! Ana idar da Juma'a Kawu ya miƙe ya karanta wa jama'a da ƙarfi. Ji na yi kamar in nutse. Wuri ya kaure: to wa zai ba da lambar?

Kawu ya sa aka kawo ƙwaryar gyaɗa, Liman ya damƙo, aka ƙirga a idon kowa. Yawan gyaɗar na shigar a matsayin lambar farawa, na danna.

Kawu ne na ƙarshe. Na ƙarshe fa! Shi kuwa ya gyara hula.

"Madalla. Da na zo na farko, wa zai yarda da ɗan ƙanwata?"

Shekarar a makare ya yi shuka, geronsa bai yi auki ba, amma ko tari ba wanda ya yi a kan tarakta.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa. Can kuma, ya Rabbi, Ka sa shi a sahun farko.