Hansatu Mai Ƙuli da Mazan da Suka Dawo daga Gidan Yari

A Durba, in aka ce Hansatu mai ƙuli, ba wanda zai tambaya wacce. 'Yar Tarai ce, aure ya kawo ta. Gajeruwar mace ce marar yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, sai dai a bar ta. Mijinta Gali manomi ne. Shi ya noma gyaɗa, ita ta soya, ta matse mai, ta toya ƙuli, dillaliya ta kai mata kasuwar Rano.

Ba a daɗe da dawowar mulkin farar hula ba, da kaka, rikici ya tashi. Gonaki sun cinye burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa, sai garken wata ruga ya faɗa gonar waken wani maƙwabcin su Hansatu, Sagiru, tun ba a yi roro ba. Cacar baki ta zama faɗa. Wani saurayi makiyayi mai suna Haliru ya sauke wa Sagiru sanda a kafaɗa, hannun dama ya mutu ke nan. Kafin la'asar mazan unguwa sun ɗunguma zuwa rugar, suka cinna wa bukkoki wuta, suka sassare shanu. Gali yana cikinsu. Kotu ta ɗaure mutane daga kowane ɓangare, har da Gali da Haliru, aka kai su gidan yari a Kano.

Hansatu, wadda ba ta taɓa wuce Rano ba, ta koyi hanyar birni. Takan ɗaura dambu da ƙuli a ƙunshi ta hau mota. A zuwanta na farko ta ga wata dattijuwar Bafulatana a tashar Rano rungume da ƙwarya. Ta gane ta. Saude ce, uwar Haliru, wadda a da take kawo musu nono har tsakar gida. Kowacce ta kau da kai.

A ƙofar gidan yari layi ya yi tsawo, rana ta take. Ana cikin turereniya ƙwaryar Saude ta suɓuce, furar da ta damo wa ɗanta ta malale a ƙasa. Tsohuwar ba ta yi kuka ba, tsugunawa ta yi tana kallon furar. Hansatu ta so ta yi kamar ba ta gani ba, zuciyarta ta ƙi. Ta kwance ƙunshinta ta raba dambun biyu.

"Inna, karɓi ki kai masa."

Saude ta ɗago. "Kin san ko ɗan wa za ki ciyar?"

"Na sani. Ke ma kin san matar wa ce ni. Karɓi, layi na tafiya."

Daga nan suka riƙa yin karɓa-karɓa: wannan ta je da saƙon mutum biyu, wani zuwan waccan ta je. Da Gali ya gane, ransa ya ɓaci. "Abincina kike raba wa wanda ya nakasa Sagiru?" Ta ce, "Malam, furar da ka sha wancan zuwan, uwarsa ce ta dama, a bukkar da ta sake kafawa bayan wadda kuka ƙone." Gali bai sake tayar da maganar ba.

Ta ɗauka ranar fitowa ita ce ƙarshen wahala. Ashe da sauran aiki. Gali ya dawo ya lafe a ɗaki, ko masallaci sai an tayar da salla yake shiga, ana sallamewa ya sulale. Yara na tsokanar 'ya'yansa da sunan 'ya'yan fursuna. Haliru kuwa ya fito ya tarar garkensu ya ƙare, ga 'yan'uwan Sagiru sun rantse in ya taka kasuwar Durba sai sun rama.

Hansatu ta yafa mayafi ta tafi wurin Malam Ubaidullahi, mai makarantar allo a unguwarsu, wanda ake kai wa ƙananan rigingimu ya sasanta. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Na yi wa'azin yafiya har muryata ta dushe. Suna cewa gaskiya ne, su tashi da abinsu a ciki. Ni iyakata zaure. Ke kuwa kina shiga har ɗaki. Fara daga can, in magana ta nuna ki kira ni."

Ta fara da Lubabatu, matar Sagiru. Ba ta je da maganar sulhu ba. Ta je ta taya ta surfe, ta kai wa yara ƙuli, ta koma, ta sake komawa. A hankali Lubabatu ta buɗe mata ciki: tun da hannun ya mutu gonarsu ta zama saura, ita ke wankau da daka a gidajen mutane su ci. Wata rana Sagiru ya ji su daga ɗaki, ya ɗaga murya.

"Hansatu, na san abin da ke kawo ki. In na yafe, hannuna zai dawo?"

"Ba zai dawo ba, Yaya Sagiru."

"To me zan yi da yafiyar?"

"Ban sani ba tukuna," in ji ta. "Amma gonarka ba ta mutu ba."

Ta kai wa Saude wannan magana, Saude ta kai wa ɗanta. Da ruwan farko ya sauka, mutanen Durba suka wayi gari suka ga Haliru a gonar Sagiru da shanun huɗa da ya aro wurin kawunsa, yana riƙe da garma shi kaɗai. Samari suka fara taruwa a bakin gona, wasu da sanduna. Hansatu ta shiga ɗaki ta tarar da Gali zaune.

"Malam, yaron nan yana can shi kaɗai. In ba ka je ba, ni zan je."

Gali ya miƙe. Ya saɓi fartanya, ya ratsa ta tsakiyar samarin, ya kama akalar shanun. Ba wanda ya ɗaga sanda. Can sai ga Malam Ubaidullahi ya shimfiɗa buzunsa a gindin ɗorawa, ya zauna yana jan carbi har aka tashi.

Sagiru bai leƙo ba a wannan shekarar, ko da aka kawo masa dawa a ƙofar gida. Da rani Gali ya tara waɗanda suka yi ɗauri tare, suka yi gayya suka kai kara da itace ruga, dagaci da Arɗo kuma suka zagaya aka sake fitar da burtali. Sai a damina ta biyu Sagiru ya fito gona, ya tsaya yana kallon kunyoyin, ya ce wa Haliru, "Wannan ta karkace." Ita ce maganarsu ta farko. Bayan girbi aka zauna a zauren Malam, aka yi addu'a, Sagiru ya miƙa wa Haliru hannun hagu. Ƙanen Sagiru guda bai zo ba, har yau kuma ba ya amsa sallamar Haliru. Hansatu ta ce a ƙyale shi.

Labari ya bazu. Da faɗan zaɓe ya jefa wasu samarin Kibiya a gidan yari, iyayensu mata gidanta suka nufo, ta raka su ta nuna musu hanya da abin da gandirobobi ke bari a shiga da shi. Wanda ya fito kuma, ita ce ke fara zuwa yi masa barka, ta nemo masa mai ɗaukarsa aikin gona ko gini, ta sa Gali ya biya masa su tafi masallaci tare, don kada ya shiga sahu shi kaɗai.

Yanzu gwiwa ta hana ta hawa mota, 'yarta A'isha ce ke tuyar ƙuli. Kwanan baya wata mata ta zo daga Dawaki, ta ce ɗanta zai fito bayan salla, ubansa kuma ya ce ba dai gidansa ba. Hansatu ta tura mata tabarma.

"Uban yana da 'yar'uwa da yake jin nauyinta?"

"Akwai yayarsa, Jumai."

"To sha ruwa ki huta. Da ita za mu fara."