Taubasai Biyu da Waƙoƙin Lahadi

Duk sa'ad da na wuce mai sayar da fetur a kwalba, warin ya bugi hancina, ƙofar gidanmu na Jibiya nake gani. Babura biyu jingine da katanga, jarkoki ɗaure a bayansu, kowanne da hoton mawaƙi manne a tanki. Ɗaya na yayana ne. Ɗayan na ɗan gwaggo, wanda ya zo daga Maraɗi ya zauna wurinmu yana fiton mai zuwa tsallaken iyaka. Lokacin ina yarinya mai tallan awara, ko bihim ban sani ba. Wannan rubutun da kake karantawa, sai da na haifi uku na zauna a aji na koye shi. Don haka ban iya kwana-kwana ba, yadda abu ya faru haka zan faɗa maka.

Su biyun taubasai ne, ɗan namiji da ɗan mace. Ka san al'adarmu. Taubashi ya zage ka, ya ɓoye maka takalmi, ya cinye maka tuwo, ba ka da ikon fushi. Kowanne "bawana" yake kiran ɗan'uwansa. Kwano ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke kwana a zaure.

A shekarun nan wata tashar rediyo ta Maraɗi ta fito da shirin waƙoƙi goma duk Lahadi da la'asar. Ana farawa daga ta ƙarshe har a kai ta ɗaya, kuma masu sauraro ke zaɓe da saƙon waya. Layin Nijar kawai suke karɓa, shi kuwa ba ya kamawa a unguwarmu sai an haye gada an hau wani tudu. Yayana yana bayan wani mawaƙin Kano mai zaƙin murya. Ɗan gwaggo yana bayan wani yaron ƙasarsu mai haɗa Hausa da Faransanci yana magana da sauri kamar ana korarsa. Ba wanda ya taɓa ganin nasa ido da ido.

Ƙarshen wata damina, gero ya fitar da kai, sauro ya yi yawa, sai mawaƙan nan suka saki sababbin waƙoƙi a mako guda. Samarin gari suka rabu. Aka ɗaura lasifika a babura ana zagaya tasha. Mai shayin bakin titi sai da ya raba bencinsa, ɗaya nan ɗaya can. Lahadi bayan Lahadi, na ɗan gwaggo ne a sama.

"Bawana, naku ya gaji," in ji shi. "Ku sai mai maganin tari."

"Ƙuri'ar taku ta sata ce. Rediyon naku ne, alƙalin naku ne."

Da farko da dariya ake faɗa. Ni da ke kai musu tuwo na ga ranar da dariyar ta ƙare. Yayana ya ɗauki cokali ya ja layi a tsakiyar kwanon. Daga baya Inna ta fara zuba musu daban-daban. Na gaya wa Kaka, mahaifiyar Baba, tana zaune gindin dalbejiya tana ɓare gyaɗa. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Taubasai ne, ɗiyar nan. In ba su yi haka ba ai ba jini."

Baba ma haka, dillalin hatsi ne, hankalinsa na kan buhuna. Ran da yayana ya cire wa babur ɗin ɗan gwaggo fulogi don kada ya je tudu, tsofaffin gidanmu dariya suka yi har da tafi. A nan nake ganin laifinsu, kuma ba zan ɓoye ba don sun kwanta dama. Sun san wasan zamaninsu, na ɓoye hula da ƙwace goro. Ba su san akwai abin da zai shiga rigar wasa ya zauna ba.

Lahadin da abin ya faru ranar kasuwa ce, hanya cike da manyan motoci. Ana rufe zaɓe da azahar. Ina wanke kaskon suya sai na hango yayana tsugune da sifana gindin babur ɗin da ba nasa ba. Na ruga wurin Kaka na ce yana kwance wani abu a ƙafar baya.

"Yau kuma mi ya ɓoye mai?" ta ce tana murmushi. "Ki bar su."

Na fita da gudu, amma ɗan gwaggo ya riga ya tayar, jarkoki biyu a baya, lasifikarsa na ihu. Burki ne yayana ya kwance. Daga baya ya rantse cewa ya zaci tun a ƙofar gida zai gane, ya tsaya gyara har a rufe zaɓe. Bai gane ba sai a gangaren gada, inda wata motar masara ta tsaya. Ya afka mata. A asibitin Katsina aka yanke wa ɗan gwaggo ƙafa daga gwiwa.

Da la'asar ɗin nan, mu muna kuka a tsakar gida, rediyon mai shayi na ta aiki. Mawaƙin yayana ya hau na ɗaya. Na ji sowar samarin da labari bai kai musu ba. Mako na gaba ya sauko na huɗu.

Gwaggo ta zo ta ɗauki ɗanta. Inna ta miƙa mata ruwa, ba ta sha ba. Ta dubi Baba ta ce, "Yaya, da ƙafa biyu na ba ka shi." Kaka ta buɗe baki za ta ce wani abu, gwaggo ta ce wa uwar tata, "Inna, kada ki ce mani wasa ne." Ba ta sake tako Jibiya ba. Kaka ta rasu tana tambaya ko an ga motar Maraɗi ta iso.

Yau ba sai an hau tudu ba. Yara na kwance a ɗaki suna barin waƙa tana ta maimaita kanta don lambar masu kallo ta hau, suna zagin uwayen mutanen da ba su sani ba saboda mawaƙin da bai san da su ba. Ɗana da ɗan yayana sun fara irin wannan kwanaki, na ƙwace wayoyin duka. Ana cewa na cika zafi. A ce.

Bara na je Maraɗi gaisuwar rasuwar gwaggo. Na sami ɗanta a rumfa yana ɗinki da keken hannu, furfura ta fito masa. Da zan tafi ya ce, "Bawana yana nan? Ki ce mai har yau namu ya fi nasu." Yana dariya ya faɗa.

Na kawo wa yayana saƙon yadda aka ba ni.

"Da ma zagina ya yi," in ji shi.